Riƙon Barira Mai Niƙa

Barira mai niƙa ba haifaffiyar Agadas ba ce. Daga Madawa aka kawo ta tana amarya, ta biyo mijinta Illo da ke aikin ƙarfi a wurin haƙar gawayin ƙasa na Anou Araren. Da girma ya fara kama shi ya ajiye aikin, ya sayi injin niƙa mai shan man gazuwal, ya kafa shi a zauren gidansu a Sabon Gari. Sau biyu Barira ta haihu, babu wanda ya kai yaye. Da Illo ya rasu danginta suka aiko ta koma gida, ta ce sai ta fita takaba. Da ta fita, mata suka ci gaba da jera kwanukan gero da masara a ƙofar zaure kamar kullum, ita kuma ta koyi tada injin da hannunta, maganar komawa ta bi ruwa.

Ƙarar injin ta ci mata kunnen hagu. Duk mai son magana da ita sai ya koma ta dama ya ɗaga murya. Ba ta da yawan zance, kullum gira da gashin idonta fari fat da gari.

A bayan zaurenta akwai ɗakin haya da Ɗan Lami da matarsa Ramata suke zaune. Shi mutumin Tasawa ne, ita kuma daga wani ƙauye na Damargu. Suna da ɗiya biyu, Habsa da ƙanenta Karim. Ramata ta riƙi Barira kamar babbar ƴar'uwa, Yaya take ce mata, mijin ma ya bi bakinta yana cewa Yaya Barira. Da zinariya ta ja samarin unguwa zuwa Jado, Ɗan Lami ya bi su, ya bar Ramata da ciki.

Cikin nan bai zo da rai ba. Daga nan Ramata ta sake. Ta daina magana, ta daina ɗora tukunya, sai ta zauna tana kallon bango har rana ta juya. Wani lokaci ta fita ba mayafi, sai an nemo ta a bayan tasha. Barira takan tura musu tuwo, ta wanke yaran, tana cewa zai wuce.

Da damina, ranar da aka ce ruwa ya sauko daga duwatsu, Ramata ta goya Karim ta nufi ƙoramar Telwa. Mutane sun taru a gefe suna kallon ruwa yana gudu da itatuwa, ita kuwa ta shiga kamar mai tafiya a kan hanya. Wasu masu lambu ne suka cafko ta ruwa ya kai mata cinya. Habsa, mai shekara shida, ita ce ta biyo ta a guje tun daga gida tana kuka.

Mai unguwa ya tara dattijai. Aka aika Damargu, wani kawun Ramata ya zo ya tafi da ita don a yi mata magani, amma ya ce ba zai iya da yara ba, uwar Ramata ta tsufa, idonta ma ya tafi. Jado kuma waya ba ta shiga inda Ɗan Lami yake. Sai aka ba Saidou saƙo. Saidou direban kamiyo ne, babbar motar da ke kai ruwa da abinci wa masu haƙa, ya san Ɗan Lami. Kafin ya dawo, yaran suna kwana wurin Barira.

Ya dawo wata rana da hantsi injin yana ruri. Ya tsaya ta hannun damanta ya ɗaga murya.

"Na same shi! Ba ya da lafiya sosai, amma ya ji komai. Ya ce a kai su wurin Yaya Barira!"

"Ya ce me?"

"Ya ce ke! Ki riƙe su!"

Barira ta kashe injin, abin da ba ta yi in akwai niƙa a ciki. Ta tsaya tana goge hannu da zani. Daga baya ta gaya wa maƙwabta cewa a lokacin ba ta san ko murna take ko tsoro ba. Abin da ya tsaya mata kawai shi ne, mutumin nan yana da dangi a Tasawa, amma da aka tambaye shi ita ya ambata.

Mai unguwa ya kai ta ofishin da ke kula da yara, wata Madam Zeinabou ta zo ta duba gidan, ta ga ɗaki, ta ga randa, ta ce a gina ɗan bango tsakanin injin da tsakar gida saboda belt ɗin da ke juyawa kada ya ja hannun yaro. Aka gina. Shi ke nan riƙo ya tabbata.

Da farko Barira ba ta iya riƙon ba. Mace ce da ta saba ta ci abin da ta samu ta kwanta. Karim ba ya barci sai an goya shi, kuma ita bayanta bai san goyo ba tun shekaru masu yawa, sai ta ɗaure shi ya zame, Habsa ce ke gyara mata majanyi. Habsa kuwa ba ta kuka, ba ta dariya, in an ba ta abinci sai ta ɓoye rabi a ƙarƙashin tabarma. Barira ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta rasa gane kanta, har wata rana yarinyar ta ce, "Na Inna ne, in ta dawo." Daga ranar Barira ta bar ta, sai dai ta riƙa kwashe abin da ya lalace in yarinyar ta tafi lakwal, wato makaranta.

Sunan da za su kira ta ma ya zama abin magana. Karim da ya buɗe baki Inna ya ce mata, babu wanda ya koya masa. Habsa ta ƙi. Ba ta ce Inna ba, ba ta ce Yaya ba, sai ta zo gabanta ta tsaya har a lura da ita. Barira ba ta taɓa matsa mata ba, don ita ma ba ta san amsar ba.

Sau biyu Saidou ya kawo saƙo daga uban, buhun dabino da kwalin makaroni, ya ce na yara ne da ke wurin Yaya Barira. Daga nan labari ya yanke. Wani ya ce rami ya rufta da mutane a Jado, Ɗan Lami yana ciki. Wani ya ce ƙarya ne, ya gan shi ya ƙetara iyaka neman aikin gini. Mata suka zo yi wa Barira gaisuwa, ta rasa ko ta karɓa ko ta ƙi. Ta tambayi liman ko a yi sadaka, ya ce ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa, kuma ba a sani ba. Haka aka zauna shekara uku da wani abu. Karim ya yi wayo, yana zama kan buhu daga bayan bango yana kwaikwayon ƙarar injin da baki. Habsa ta fara sakin jiki, tana tankaɗe, tana kai wa tsofaffi garinsu gida.

Wata ranar kasuwa, bayan azahar, wani mutum ramamme ya yi sallama a zaure, wata mace mai jiki da mayafi shuɗi tana bayansa. Barira ta ɗauka masu niƙa ne, ta miƙa hannu ta karɓi kwano. Babu kwano. Sai da ya ce, "Yaya Barira," sannan ta gane Ɗan Lami.

Matar da ke bayansa ta amsa, "Na'am."

Barira ta dube ta. Ita ma matar ta dube ta.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ɗan Lami ya rungume yaran yana hawaye, Karim yana ƙoƙarin zamewa don bai san shi ba. Da aka natsa ya ba da labari. Daga Jado ya wuce gaba, ya ƙetara iyaka, aka kama shi ba takardu, ya daɗe a tsare, sannan aka kwaso su a motoci aka maido su gida. Motar ta tsaya da su a bayan garin Agadas ƴan kwanaki, bai ko shigo unguwa ba, don a saninsa babu nasa a nan. Kai tsaye ya wuce Tasawa, gidan yayarsa da suke uwa ɗaya uba ɗaya, ya shiga yana kiran Habsa da Karim. Yayar ta ce wace Habsa? Ita a zatonta yaran suna Damargu wurin dangin uwarsu.

"Wannan ita ce yayata," ya ce yana nuna matar. "Sunanta Barira. Ita na ce a kai wa."

Barira mai niƙa ta juyo da kunnenta na dama. "Ka sake faɗa."

Ya sake faɗa, a hankali, kansa a ƙasa.

Ta tashi ta ɗebo musu ruwa, ta manta ta riga ta kawo, ta ajiye moɗa ta biyu kusa da ta farko.

Aka nemo Saidou daga tasha. Da ya ji abin da ake ciki ya dafe kai.

"Ɗan Lami, ka ji tsoron Allah. Yaya Barira ka ce. Ni kuwa Barira ɗaya na sani a duniya, ga ta nan zaune."

"Ban ce maka Tasawa ba?"

"Ba ka ce ba. Kana kwance cikin bukka kana rawar ɗari. Na ce maka yara suna wurin mai niƙa, ka ce to, a kai su wurin Yaya Barira."

"Ka ce mini suna wurinta?"

"Na faɗa mana!"

Ɗan Lami ya shafa fuskarsa. Can ya ce, "In ka faɗa, to wataƙila ita na nufa. Wallahi ban sani ba. Zazzaɓi ya ci ƙarfina a lokacin. Ni dai tun da na warke, a raina suna Tasawa. Duk wahalar da na sha, in na rufe ido a gidan Yaya nake ganinsu, ƙarƙashin itacen bedin nan."

Barira ta Tasawa ba mace mai rigima ba ce. Kuka ta fara yi. Ta ce ɗiyan ƙanenta suna hannun baƙi shekara uku ba ta sani ba, da wane ido za ta dubi iyayenta da suka riga mu gidan gaskiya. Sai kuma ta kama hannun mai niƙa ta ce, "Takwara, ki yafe mini, ba baƙuwa nake nufi ba. Allah ya saka miki. Dubi yadda suka yi kyau." Sannan ta ce ta zo ne ta tafi da su.

Abin da ya fi damun Barira mai niƙa a kwanakin nan ba tafiyar ba ce. Ta gaya wa wata maƙwabciya cewa shekara uku, duk ranar da yaro ya yi zazzaɓi ko Habsa ta ƙi magana, abin da take riƙewa shi ne ubansu ya zaɓe ta. Yanzu ba ta san ko amana ta riƙe ba, ko kuwa ɗiyan mutane ta tare ba da saninsu ba. Ta koma tana tuna ranar da Saidou ya zo, ko akwai wata kalma da ya faɗa injin ya cinye. Ko ya ce Tasawa ba ta ji ba? Ta tambaye shi har sau uku a ranaku daban, har ya fara kauce wa layinsu.

Mai unguwa ya ce shi ba zai yanke ba, a koma wurin Madam Zeinabou tunda da saninta aka yi. Ta zo, ta zauna, ta saurari kowa. Ta ce uba yana da hakkinsa, ba wanda zai hana shi ɗiyansa, amma ya faɗa da bakinsa abin da yake so.

Ɗan Lami ya dubi yayarsa, ya dubi mai niƙa. "Madam, ni ba ni da ɗaki, ba ni da aiki. Duk inda kuka ga ya fi."

"Ba mu za mu gani ba, kai ne ubansu."

"To a tambayi yaran."

Aka kira Habsa. Barira mai niƙa ta tabbata a ranta yarinyar za ta ce nan, don ta saba, ga lakwal ɗinta, ga ƙawayenta. Habsa ta tsaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Tasawa ta fi kusa da Damargu?"

Gwaggonta ta ce ta fi kusa.

"To zan je. Ina son in ga Inna."

Ba ta dubi Barira ba da ta faɗa. Karim kuwa da aka tambaye shi sai ya shige bayan Barira ya riƙe zaninta. Madam Zeinabou ta ce ba ta son a raba su, ya da ƙane ba a raba su in akwai hali. Aka tsaya a kan su tafi tare in an ba da hutun lakwal.

Ranar tafiya Barira ta raka su tasha da garin kunu da ta niƙa musu da ƙuli-ƙuli a leda. Karim ya ɗauka yawo za a je, ya hau mota da murna. Habsa ta riga ta zauna, sai ta sauko, ta zo ta dama da Barira ta ce, "Ki riƙa rufe randa, kina mantawa." Ta koma ta hau. Barira ta dawo gida ta tada injin, ta niƙa masarar wata a cikin geron wata, aka yi ta ba da haƙuri.

Ba a yi wata biyu ba Ɗan Lami ya sake sallama a zaure, Karim a kafaɗarsa. Yaron ya rame, idanu sun faɗa. Ya ƙi abinci a Tasawa, ya ƙi wasa, an kai shi likita ba a ga wata cuta ba. Gwaggon ce da kanta ta ce a maido shi kafin a yi asara.

"Yaya," in ji Ɗan Lami, "ga shi."

"Ga shi na me? Na riƙo ko na jinya?"

"Ki dai karɓe shi tukuna."

Ta karɓe shi. Yaron ya sa fuska a wuyanta ya yi barci tun kafin ta zauna. Ɗan Lami ya samu aikin lodi a tasha, ya kama ɗaki a unguwar Dagmanet, yana zuwa ranar Juma'a ya ci tuwo ya ɗauki yaron su zaga. Habsa ta zauna a Tasawa, an ce tana ƙoƙari a lakwal, kuma an kai ta ta ga uwarta. Abin da Madam ta ce kada a yi, shi ya faru, an raba su. Barira takan ce da ta san haka, da ta rufe gidan ta bi su, sai kuma ta ce ina za ta je da injin. In an kira waya daga Tasawa takan ba Karim su gaisa da yayarsa, shi kuwa ya fara mantawa da fuskarta, yana tambaya ko ita ce mai tabo a goshi.

Bara, bayan an kwashe amfanin gona, Ramata ta zo. Ita kaɗai ta hau mota daga Damargu. Ta samu sauƙi, tana shan magani, tana magana daidai, sai dai a hankali kamar mai auna kowace kalma. Tsakaninta da Ɗan Lami ba a gane ba, bai ce ya sake ta ba, ita kuma ba ta je ɗakinsa ba. Gidan Barira ta sauka da jakarta ɗaya.

Ta durƙusa ta gaishe ta. "Yaya, an ba ni labarin abin da na yi a bakin ƙorama. Ni ban tuna ba."

"Ba ke ba ce, ciwo ne."

"Na zo in ɗauki Karim. In sallah ta wuce mu tafi."

Barira ta ce to. Me za ta ce wa uwa? Ta kira yaron ta ce masa ga innarka. Ya gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwa, ya fita wasa. Ramata ta bi shi da kallo, ba ta kira shi ba.

Sallah ta zo ta wuce. Ramata ba ta ɗaga maganar ba, Barira ma ba ta tambaya ba. Ramata ta fara zama a zaure tana karɓar kwanuka, tana jera su bi da bi, ita ce ke jin abin da mata suke faɗa ta isar wa Barira. Wasu ranakun takan tashi da nauyin jiki ta kwanta yini guda, ranar Barira ba ta barin Karim ya yi nisa da idonta, kuma tana jin kunyar hakan. Wasu ranakun kuma Ramata ce ke yi masa wanka, ya yarda, har yana ba ta labarin lakwal. Babbar sallah ma ta zo ta wuce. Jakar tana nan a kusurwar ɗaki, rabin kayan a ciki, rabi a kan igiya.

Kwanan baya wata mai kawo niƙa ta matso ta dama da Barira ta ce, "Wai an bar miki yaron ne, ko tafiya za su yi?"

Barira ta zuba gero a bakin injin, ta tura shi da tafin hannu.

"Ban sani ba," ta ce. "Mai laushi kike so ko na kunu?"